Jegon Dela

Ƙaramin yatsan ƙafarsa na hagu ne kaɗai ke da lalle. Dela ta gani ne sa'ad da ta sunkuya ɗaukar kwanon da mutumin ya gama cin tuwo a ciki. 'Yan dakon tashar jirgin ruwa sukan sa lalle a tafin ƙafa saboda faso, su lafta shi kamar masu yaɓen katanga. Wannan kuwa a farce ɗaya tak aka sa shi, an bi gefe da gefe an goge, ko ɗigo bai taɓa fata ba. Wanda ya yi wannan aiki sai da ya rufe ƙofa ya natsu.

Ta bi ƙafar da kallo har sama, kuma tafiyar da nisa. Ƙato ne na gaske, wuyansa kamar turmi, gashin bakinsa kamar tsintsiyar laushi. Sunansa Abdulghani, ɗan dako ne haifaffen nan Jidda, yana jin Hausa amma in zai mayar sai ta fito rabi da Larabci.

Ita Dela a bakin titi sunanta Mahmudu, haka ma a iƙama, takardar izinin zaman ƙasar. Ɗan tsamurmurin mutum ne daga Wad Madani ta ƙasar Sudan, ya ba hamsin baya, yana tuƙa tuwo da singileti a shagon Adamu da ke unguwar Ruwais. Sai dai shagon yana da ƙofar baya, wadda ke buɗewa cikin tsakar gida mai bishiyar darbejiya, kuma duk wanda ya ƙetare wannan ƙofa yakan bar sunansa a waje tare da takalmansa. A ciki Adamu shi ne Hajiya Mastura, uwar ɗakin kowa. Na'ibi mai wanke tukwane ita ce Rabi. Mahmudu kuwa Dela ce tun shekarar da aka rushe ganuwar Jidda, yau shekara ashirin ke nan da 'yan kai.

Ranar Alhamis bayan la'asar ake rufe shago, a zaro zannuwa da ɗankwalaye daga cikin buhunan shinkafa. 'Yan daudun unguwar Sharafiyya su hallara, har da wani tela Bayamale da wani Bajawe, mutumin tsibirin Jawa, mai gyaran agogo, waɗanda ba sa jin Hausa sai rawa. Zawarawa masu tallar gyaɗa su ma sukan leƙo. Ba a tambayar kowa wane ne kafilinsa, wato ubangidan da ya tsaya masa a takarda. Tasa ake kaɗawa an lulluɓe ta da bargo, guɗa kuma cikin matashin kai ake yin ta, saboda maƙwabta.

Gidan yana da doka: ba a shigowa haka nan, sai an haife ka. Wadda ta kawo baƙo ita ce ta haihu, ta shiga jego kamar kowace maijego. Ranar suna kuma ta goya jaririyarta daga ƙofar kicin zuwa tabarmar da ke gindin darbejiya. Wadda ta sauke goyo a kan tabarmar ita ce uwa, ita ke raɗa suna. Hajiya Mastura ce ta kafa wannan doka bayan wata shekara da mutum uku suka yi ta yaƙushin juna a kan 'ya ɗaya. Tun daga lokacin duk masu zuwa sirara ne, yunwar hanya ta riga ta tsotse su, don haka ba wanda ya taɓa tunanin nauyi.

Rabi tana da 'ya'ya biyar har da jikoki. Dela ko ɗaya. Ta yi ɓari biyu: ɗaya an kama shi ba takarda aka sa shi a jirgin Port Sudan kafin ranar suna, ɗayan kuma tsoro ya kama shi, yanzu in ya hango ta sai ya tsallaka titi. A wannan gida kuwa 'ya ba ado ba ce. Ita ke zama kusa da ke in kin kwanta ciwo, ita ke danna miki baya, kuma ranar da kika cika ita ke riga kowa zuwa akwatinki ta kwashe abin da ke ciki kafin dangi su buɗe. Dela tana da akwati, kuma ƙirjinta ya fara yi mata wani irin nauyi da asuba.

Saboda haka washegari da ƙaton ya dawo, ta ƙara masa tsoka biyu, ta rage murya ta ce, "Lallen nan na Madina ne ko na Sudan?"

Lomar ta tsaya masa a hannu. Ya ja ƙafar ya cusa ƙarƙashin benci, ya tashi ya bar tuwon. Aka daɗe ba a gan shi ba. Ranar da ya sake zuwa bai nemi abinci ba, tsayawa kawai ya yi a bakin murhu yana kallon ƙasa.

"Na Madina ne," in ji shi. "Hagg ummi. Na innata."

Alhamis ɗin da ta biyo baya Dela ta shigo da shi ta ƙofar baya, sai da ya karkace kafaɗa kafin ya wuce. Kiɗan tasa ya tsaya. Rabi ta zagaya shi ta dawo, ta dafe ƙirji.

"Dela, ƙawata, barka da arziki. Amma wannan haihuwa ce ko sauke kayan jirgi? Da winci aka ciro miki ita?"

"Bakinki ya sari dutse. 'Yata ce."

"'Yarki ce in kin kai ta tabarma. In kin kasa, ga bayana nan, ko buhu biyu ne ba ya ƙi."

Dela ta dubi Hajiya Mastura ko za a yi mata sassauci. Hajiya ta gyara zaman tabaraunta, ta ce, "Doka ba ta san sikeli ba. Halas, magana ta ƙare. A ɗora ruwa."

Tsakiyar zafi ne, irin lokacin da iskar teku ke manne wa mutum a fata kamar rigar da ba ta bushe ba. Waɗansu masu jegon gidan sukan ɗan tsoma ganye a ruwa mai ɗumi su ce sun yi. Dela ta ce ita ta jira shekara ashirin, ba abin da za ta tsallake. Safe da yamma ake tafasa mata babbar tukunya, ta shiga bayan gida da damin ganyen darbejiya ta yi ta fyaɗa wa jikinta, tana ihu cikin tsumma. Ta fito ja-ja-wur ta kwankwaɗi kunun kanwa, ta ɗaure ciki da zane, ta kwanta tana nishi. Ƙuraje suka feso mata har fatar ido. Mai kawo ruwa a garwa ya ga an ninka abin da ake saye, ya tambaya wa ya haihu. Hajiya ta ce akuya. Ya yi barka, washegari ya kawo wa akuyar dusa.

Jaririyar kuwa da safe tana tasha tana sauke buhunan siminti. Da yamma Abdulghani ya dawo, a shimfiɗa masa tabarma biyu a haɗe, a sa masa kwalli, a shafa masa man zaitun a maɗiga. An hana shi magana, tunda jariri ba ya magana, kuma wannan ya yi masa daɗi ƙwarai. Yakan kwanta yana kallon ganyen bishiya yana murmushi, Bajawe na kaɗa masa makullai.

In ba kowa, Dela takan goya buhun shinkafa ta gwada. Taku kaɗan sai gwiwa ta ce ba da ita ba. Rabi kuwa a fili take nata atisayen: ta goya Bayamale tana wanke tukwane da shi a baya, tana yi masa waƙar raino. Har suna ta zaɓa ta ajiye.

Ana cikin haka, ranar da aka dafa ƙauri, gidan duk ya cika da ƙamshin ƙafar sa da yaji, sai aka turo ƙofar baya ba sallama. Wata 'yar tsohuwa ce ta shigo da faifan gyaɗa a ka, baƙin mayafinta ya koɗe ya koma ruwan toka. Rabi ta fizge ɗankwalinta ta zauna a kai. Hajiya Mastura ta nemi muryar Adamu ta rasa inda ta ajiye ta. Jaririya ta miƙe zumbur daga tabarma.

"Ummi!"

"Koma ka kwanta," in ji tsohuwar. Ya koma.

Ta sauke faifan, ta dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. "Ni ce Saudatu. Masu gyaɗa sun gaya mini an haifi ɗana a gidan nan. Na ce to, bari in zo barka. Wace ce maijegon?"

Dela ta ɗaga hannu kamar mai jiran a sare shi.

"Iya, don Allah ki yi haƙuri," Hajiya ta fara, "wasa ne na cikin gida, zannuwan nan..."

"Zannuwa? Yaron da tun yana rarrafe nake ɓoye mayafina a cikin tukunya saboda shi? Ku bar ni da zancen zane." Ta nuna tukunyar da ke tafasa a murhu. "Wancan ruwan, wa aka dafa wa?"

"Ni," in ji Dela.

"Ke da kika sha wace naƙudar?"

Dela ta sauke hannunta. Iya Saudatu ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna.

"Ranar da muka sauka daga jirgin Sawakin na haife shi. A bakin ruwa, a ƙarƙashin wani kwale-kwale da aka kife. Ku dube shi yanzu, to haka kansa yake tun ran nan. Ruwan da aka wanke ni da shi na teku ne, mai sanyi, da gishiri. Kunu? Busasshiyar gurasa aka ba ni. Cibiyarsa ba ta faɗi ba na goya shi muka kama hanyar Makka a ƙasa. Shekara arba'in ba wanda ya ɗora mini ko ruwan shayi a kan haihuwar nan. Yau in ji wai wata tana can tana cin ƙaurinsa." Ta kwance mayafi ta ninke. "Ina ganyen?"

Hajiya Mastura ta yi nazari irin na alƙalin da ya san hukuncin zai fitar da shi daga rami. Ta ce gaskiya jego bashi ne na jiki, kuma ba ya ruɓewa. A ba Iya ruwan.

Daga ran nan Iya Saudatu ta tare a ɗakin Dela. Ta hau gadonta, ta karɓe kwanon kununta, ta gama da ƙaurin har ƙashi. 'Yan Sharafiyya da suka zo barka da sabulu da turare suka tarar da tsohuwa a kan gado, sai suka ajiye a gabanta. Dela ta koma tabarma a bakin ƙofa, ita ke hura wuta, ita ke tsinko ganye. Tana ji ana cewa, "Kai, jaririyar nan da maijego kamar an tsaga kara," sai ta ƙara tura itace a murhu. Da can Rabi kaɗai take tsoro. Yanzu ga wadda ba ta buƙatar doka ta ce mata uwa.

Ana gobe suna, da yamma, Dela na bayan gida tana fyaɗa wa tsohuwar ganye a baya. Bayan duk ƙashi ne, fatar ta yi laushi kamar tsohon zane.

"Ƙara. Hannunki ba ƙarfi," in ji tsohuwar. "Kai! Da wannan hannun za ki ɗauke shi?"

Dela ta sake tsoma ganyen a ruwa ta fyaɗa.

"Me za ki yi da shi in an ba ki?"

"In ya yi ciwo in zauna kusa da shi. In na yi, ya zauna."

"Shi ke nan?"

"Zan koya masa ɗaurin ɗankwali. Da tafiya. Yana tafiya kamar mai ɗauke da firji."

Tsohuwar ta yi wata 'yar dariya ta hanci. Tururi ya rufe su, sai muryarta kawai.

"Ba ya cin kuɓewa, amma ba zai faɗa ba, sai dai ki ga yana ta shan ruwa. Yana tsoron kyankyaso. In ransa ya ɓaci ba ya kuka, wanki yake yi, sai ya wanke duk abin da ke gidan har wanda ba datti. Ubansa ne ya sa masa Abdulghani, a bakin ruwan nan. Bai ga dawowarmu daga Arfa ba, a Mina aka binne shi." Ta juyo da ɗaya kafaɗar. "Nan ma. Yalla, maza."

Ranar suna tsakar gidan ba wurin sa ƙafa. Bayamale ya haɗa zane uku ya ɗinke, shi ne ya zagaye ƙugun jaririya da ƙyar. An ɗaura mata ɗankwali ruwan goro, gashin baki kuwa aka bar shi, don in an aske za a yi tambaya a tasha. Abdulghani ya tsaya a ƙofar kicin yana rufe gashin bakin da tafin hannu, idanunsa cike da kwalli da kunya. Hajiya Mastura ta hau kujerarta a gindin darbejiya, aka raba matasan kai. Iya Saudatu na gefe a kan darduma, fatarta na ƙyalli, tana ɓare gyaɗarta tana ci.

Dela ta yi bismilla ta duƙa. Abdulghani ya ɗora mata hannuwa a kafaɗa a hankali, ya saki kaɗan daga nauyinsa. Sai aka nemi Dela aka rasa. Sai ƙafarta ɗaya da ke leƙowa daga ƙarƙashin zane uku tana motsi.

Aka zaro ta, aka yi mata fifita. Rabi ta miƙe tana ɗaure zanenta a ƙirji.

"Sannu, 'yar nan, kin yi ƙoƙari. Wata macen haihuwa take yi, wata kuma barka take zuwa. Matsa in ɗauki Mardiyyata."

"Saura gwaji ɗaya," in ji Hajiya, amma ba alamar sa rai a muryarta.

Dela ta dafa ƙasa ta tashi. Ta dubi tabarmar, ga ta nan kusa, ko tofa yawu ka yi zai kai. Ta dubi Abdulghani, ya kau da kai, ya fara murza gefen zanensa kamar mai wanki.

A nan ne Iya Saudatu ta kakkaɓe ɓawon gyaɗa daga cinyarta ta miƙe. Kowa ya juyo yana kallonta. Rabi ma ta ja baya, ta ce, "To, in Iya ce za ta ɗauka, ni na janye."

"Ni na kai shi Arfa na dawo da shi," in ji tsohuwar. "Na yi nawa." Ta zo ta tsaya a kan Dela. "Ke kuma wa ya koya miki goyo ba majanyi? Yaro ake ɗauka haka kamar buhu? Juya."

Ta karɓi wani dogon zane mai kauri, ta tura ɗanta ya durƙusa a bayan Dela, ta zagaye su biyun, ta ja, ta sa gwiwa ta ƙara ja, ta ƙulle a ƙirjin Dela har sai da idanunta suka firfito. Ta ƙara wani a ƙugu. Sannan ta ɗaka wa Abdulghani duka a cinya.

"Gum! Tashi!"

Shi kuwa ɗan dako ne. In ya ji an ɗaura masa kaya aka ce tashi, ba ya tsayawa tambaya. Ya miƙe tsaye cak. Dela ta tashi sama tare da shi, manne a cikinsa, fuskarta na kallon tabarma, ƙafafunta na lilo ba su taɓa ƙasa ba. Ta ga abin da ya faru, ta ga kuma ba lokacin gardama ba ne. Ta mayar da hannuwa baya ta tallabe shi, ta ɗan duƙar da kai, ta fara taka iska ɗaya bayan ɗaya, da yanga, irin tafiyar matar da ta san ana kallon goyonta. Abdulghani ya bi takun nata a hankali don kada ya riga ta.

"Hajiya!" Rabi ta yi tsalle. "Jaririya ce ke tafiya! Kowa na gani! Uwar ko ƙasa ba ta taɓa ba!"

Suka iso tabarma. Hajiya Mastura ta cire tabarau ta goge, ta mayar, ta dube su sama da ƙasa.

"Rabi, wa ke gaba?"

"Dela, amma..."

"Wa ke baya?"

"Jaririya, amma ai..."

"Majanyi a ɗaure yake ko a kwance?"

Rabi ta murguɗa baki.

"To ni a garinmu wannan goyo ne. A sauke."

Aka kwance su. Dela ta zube a tabarma tana haki, ta tashi, ta share fuska da gefen ɗankwali. Rabi ta yi tsaki, sannan ta je da kanta ta mirgino turmi ta kifa, ta riƙe wa Dela hannu ta hau, don bakinta ya kai kunnen 'yarta. Kowa ya ɗauki matashinsa ya kai baki yana jira. Bajawe ya ɗora hannu a kan tasa.

Dela ta dafa kafaɗar nan mai faɗi. Ta matso da bakinta, sunan na kan harshenta. Ta saman kafaɗar ne ta hango Iya Saudatu a can bakin ƙofa, bayan kowa. Ta riga ta yafa mayafinta. Ta naɗa gammo, ta ɗora faifan gyaɗarta, ta laluba takalmanta da ƙafa a cikin tarin takalman jama'a. Ta buɗe ƙofar daidai faɗin jikinta, ta fita, ta jawo ta a hankali har ta rufu.